Yadda Ake Gane Tsohuwar Ganga Ko Wani Abin Kiɗa Da Ba A San Sunansa Ba

Shekarun baya, da aka zo rushe wani tsohon ɗaki a gidanmu na gado don a ta da na bulo, yara suka jawo wani abu daga bayan fasassun randuna. Ice ne fafaffe, baki biyu masu faɗi, tsakiya a tsuke, ƙura ta yi masa riga. Baki ɗaya akwai fata, ta bushe har ta tsage daga gefe. Ɗayan kuwa a buɗe yake. Duk wanda ya leƙo sai ya ce, "Af, ai kalangu ne, fatar ƙasan ce ɓera ya cinye." Ƙanena har ya fara cigiyar mai gyara, a sa masa fata ta biyu a rataye shi a falo. Allah ya sa kuɗin ba su samu a wannan makon ba. Ashe kotso ne, shi kuwa kotso tun asali baki ɗaya ake rufe masa. Da an ɗinke ɗayan, da an yi gyaran gangar Abzinawa.

Yawancinmu yau sunaye uku muka riƙe: ganga, kalangu, tambari. Duk abin da ya faɗo hannunmu sai mu cusa shi cikin ɗayansu. Alhali a da mahauta da nasu abin kiɗan, maƙera da nasu, manoma da nasu, 'yan tauri da nasu, fada kuma da nata kala-kala. Kama da wane ba ta wane. Ga hanyar da nake bi tun daga wancan lokaci, daga abin da ido ke gani har zuwa abin da sai tsoho ne zai faɗa maka.

Mataki na farko: ka riƙe hannunka

Kada ka wanke shi, kada ka shafa masa mai, kada ka ja igiyoyinsa, kuma don Allah kada ka gwada buga shi da ƙarfi don ka ji muryarsa. Fatar da ta shekara talatin a bushe bugu ɗaya ya ishe ta. Dauɗar da kake ƙyama kuma, rabin shaidar tana cikinta.

Fito da shi waje, cikin inuwa. Kafin ka zura hannu ciki, haska da tocila, domin kunama da rina suna son irin wannan wuri. Ɗaura ƙyalle a hanci, ka sa tsumma busasshe ko buroshi mai laushi ka kaɗe ƙurar sama-sama. Kada ka kankare fatar. Fatar dabbar da ba a jeme ba tana iya ɗauke da ƙwayar cutar nan da makiyaya ke kira ciwon saifa, kuma ƙwayar tana daɗewa ba ta mutu ba. A 2008 wani mai haɗa ganguna a Landan ya rasu bayan ya shaƙe ta daga fatun da yake aiki da su. Abin ba ya yawan faruwa, amma wanke hannu bayan an gama ba ya cin kuɗi.

Sai hoto. Ajiye rula ko tef ɗin tela a gefensa, ka ɗauka daga sama, daga ƙasa, daga gefe, sannan ka matso kusa ka ɗauki ɗaurin igiyoyin, da bakin kangon, wato icen jikinsa, da cikinsa. Rubuta tsawonsa da faɗin kowane baki.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne abin da aka tarar a kusa da shi. Lanƙwasasshen ɗan sanda, ko sanduna biyu masu kauri, ko guntun ƙaho, ko wasu siraran fatu guda biyu da aka murɗe, duk kada a share su a zubar. Abin bugu sau da yawa ya fi gangar kanta saurin faɗin sunanta. Idan akwai laya a jiki, ko ka girgiza a hankali ka ji wani abu na kaɗawa a ciki, bar shi yadda yake. Wasu makaɗa suna zuba 'yan ƙwayoyi ko tsakuwa a ciki don amo, wasu kuma abin da suka sa na tsari ne. Ko wanne ne, farke shi ba zai ƙara maka sani ba.

Mataki na biyu: mene ne ke yin ƙarar?

A 1914 wasu masana biyu a Jamus, Hornbostel da Sachs, suka kasa kayan kiɗan duniya bisa tambaya ɗaya: wane ɓangare ne ke girgiza ya ba da sauti? Har yau gidajen tarihi da wannan tsari suke aiki. Mu a nan gida biyu ne suka shafe mu: wanda fatar da aka ja ce ke ƙara, da wanda jikinsa ne da kansa ke ƙara, kamar ƙarfe ko ƙwarya ko tukunya.

Idan da sauran fata, an wuce wurin. Idan babu, duba bakin. Kangon da ya taɓa ɗaukar fata, bakinsa a goge yake sumul, an ɗan zagaye kaifinsa don kada ya yanke ta, kuma galibi za ka ga zobe na wani launi daban inda fatar ta kwanta shekara da shekaru.

A nan akwai tarko guda da ya kama mutane da yawa. Za ka tsinci rabin ƙwarya ko ɗan ƙoƙo an rufe shi da fata, ka ce ga 'yar ƙaramar ganga. Juya shi ka duba gefe. Idan akwai huda biyu suna kallon juna, to sanda ce ta ratsa ta nan, abin da ke hannunka kuma cikin goge ne ko kukuma ko gurmi da ya rabu da wuyansa. Fatar ma za ta gaya maka: in ta guza ce, mai ɓawo-ɓawo kamar an jera tsaba, kuma an huda wata 'yar taga a jikinta, to kayan tsirkiya ne, ba na bugu ba. Haka kuma ba kowane baƙin ice mai zurfi ne kangon ganga ba. Wani tsohon akushi ne kawai, ka sunsuna ma ka ji sauran man miya.

Mataki na uku: siffar kango

Nan ne aikin yake, don haka a zauna.

Idan tsakiyarsa a tsuke take, baki biyu a buɗe kamar an haɗa gindin kofi biyu, to kana cikin dangin kalangu. Dangin nan suna da yawa, kuma a nan aka fi ruɗewa. Kalangu fata biyu gare shi, tsirkiyoyi na fata suna tafiya daga wannan baki zuwa wancan a sake, domin a hammata ake matsa su murya ta hau, a saki ta sauka. Da lanƙwasasshen makaɗi ake buga shi. Shi ne na mahauta da 'yan dambe da dandalin 'yan mata. Jauje ƙirarsu ɗaya da kalangu, sai dai ya fi shi girma da kaurin murya, kuma na fada ne. Idan ƙarami ne sosai, aka kuma ɗaure tsirkiyoyinsa tam a ƙugu da wata igiya ta yadda ba sa matsuwa, wannan ɗan karɓi ne, mai amsa wa uban kalangu da murya ɗaya. Kotso baki ɗaya ne a rufe, gindi a buɗe, da hannu ake kaɗa shi, kuma shi ma na makaɗan sarauta ne. Akwai kuma kanzagi, ɗan ƙarami mai fata ɗaya da ake rataya a wuya ana yi masa ruwan bugu da abin bugu biyu sirara. Aikinsa rakiya ne kawai, shi ya sa har yau ake ce wa masu amshin duk abin da maigida ya faɗa 'yan kanzagi.

Idan kuwa miƙaƙƙe ne kamar an yanko guntun gungume an fafe, faɗin sama da na ƙasa ɗaya, fata a kowane baki, to ganga ce ta ainihi, mai baki biyun da ake yi wa munafuki misali da ita. Babba mai nauyi, wadda ba a damu da yi mata ado ba, ta fi kama da gangar noma. Wadda aka yi wa riga da ƙyalle, ko da ya koɗe ya zama tsumma, ta fi kama da gangar fada, abokiyar tafiyar algaita da kakaki. 'Yar gajera a cikinsu ita ce kurya. In kuma doguwa ce siririya, fata a sama kawai, da alamar a tsaye ake kafa ta, ka fara tunanin dundufa, wadda aka sani da kiɗan maƙera.

Siffa ta uku ita ce mai kama da akushi ko tukunya: gindi a rufe, fata ɗaya a sama. A nan girma ne ke raba gardama. Ƙato wanda mutum ɗaya ba ya ɗauka cikin daɗi, da fatar sa mai kauri, da igiyoyin fata masu kauri da suka sauko suka haɗu a gindi, wannan tambari ne, da gula biyu ake dukansa. Matsakaici da ake rataya a kafaɗa a kaɗa da hannu, ko taushi ne ko banga. Ɗan mitsitsi da ake bugawa da abin bugu biyu a bayan kalangu shi ne kuntuku. Idan ba ice ba ne, ƙwarya ce ko duma aka rufe da fata, ka tuna da talle na 'yan tauri da mafarauta, da kuma duman girke da ake girkewa a ƙasa. Wasu daga cikin masu rufaffen gindin nan za ka ga 'yar ƙofa a gefe, wani lokaci da toshi. Ba gara ce ta ci ba, ta nan ake ɗura mai don ice da fata su yi laushi.

Ta ƙarshe ba ta da wahala: zobe na katako marar zurfi kamar rariyar tankaɗe, fata a fuska ɗaya. Bandiri ke nan, wanda 'yan Ƙadiriyya suka shahara da shi, sunansa ma daga Arewacin Afirka ya zo.

Mataki na huɗu: ɗauri, zaga da nake

Siffa ta kai ka ga dangi. Ƙananan abubuwa uku ne za su kai ka ga suna.

Na ɗaya, ina igiyoyin suka ƙare? A kalangu da jauje, daga zoben fatar sama suke zuwa zoben fatar ƙasa, ba ruwansu da icen. Saboda haka kangon kalangu ba ya buƙatar huda. Namu kuwa da na juya shi na share gindin, sai ga 'yan ƙananan huda a jere sun zagaye bakin ƙasa, wasu har da guntayen tsirkiya a maƙale. Wato igiyoyin a jikin icen suka ƙare. Bakin ƙasan kuma babu wannan zoben launi na kwanciyar fata, duk ya daddauje saboda ajiyewa a ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen ɓera.

Na biyu, zaga. Wata siririyar igiya ce da ake gittawa a kan fuskar fata don ta riƙa ba da wannan zizar da kake ji a ƙarƙashin amon ganga. Ko ta tsinke ta ɓace, takan bar siririn layi a kan fatar, da wurin ɗaurinta a gefe biyu. Ganga da kurya suna da ita, kotso da taushi ma haka.

Na uku, nake. Wani baƙin ɗanko ne da makaɗa ke liƙawa a tsakiyar fata don murya ta yi nauyi ta zauna. Idan ya tsufa yakan farfashe ya zube, amma tabonsa ba ya fita: da'ira baƙa mai maiƙo a tsakiya. Ganin wannan tabo a kan ice mai tsukakken ƙugu ya ƙara karkatar da ni zuwa kotso. Wanda ya ɗauka datti ne ya sa soso da sabulu, ya goge shaidarsa da hannunsa.

Mataki na biyar: bi sawun hannun mai shi

Duk abin da aka yi shekaru ana aiki da shi, jikin mai shi yana barin sawu. Karkata fatar ga hasken rana. Makaɗi yana barin 'yan ƙananan lotsawa a wuri guda, gula tana barin faffaɗan wuri da ya yi fari ya sirance, hannu kuwa yana barin sheƙi da duhun gumi, musamman a gefen da tafin hannu ke sauka. Tsirkiyoyin da aka daɗe ana matsawa a hammata, ɓangare ɗayansu ya fi baƙi da santsi. Duba kuma inda maratayi ya ci icen. Gajeren maratayi na kafaɗa ne, abin ya zauna a hammata. Dogo na wuya ne ko na saɓawa. Wanda babu alamar maratayi ko kaɗan, gindinsa kuma ya cinye, a ƙasa ya yi rayuwarsa.

Idan ka duba ko'ina ba ka ga sawun kowa ba, fatar fes, an kafe ta da ƙusoshi, icen ba nauyi, an ƙona masa zane ko'ina har inda hannu ya kamata ya riƙe, to mai yiwuwa ba a taɓa kaɗa shi ba. Kayan tsaraba ne da ake yi don baƙi. Ba laifi ba ne, amma kada wani ya sayar maka da shi da sunan kayan kakanni don ya sha hayaƙi ya yi baƙi. Baƙin hayaƙin kwana uku ko'ina ɗaya yake. Baƙin shekaru kuwa wuri-wuri ne, inda hannu ke taɓawa.

Idan babu fata tun asali

Waɗannan sun fi sauƙi, sai dai an fi jefar da su saboda ba su yi kama da kayan kiɗa ba. Ƙarfe biyu masu kama da ƙararrawa, a haɗe ta sama, babu harshe a ciki, kuge ne, da ƙaho ake buga shi, kuma da shi ake shelar sarki a da. Inyamurai suna da irinsa, ogene, Yarbawa kuma agogo, kalmar da muka ara muka ba abin duba lokaci. Faranta na ƙarfe bibbiyu da ake riƙewa a hannu ana gwarawa, sambani ne. Ƙarafa masu 'yan zobba da aka lanƙwasa daidai ƙwauri, akayau ne na masu rawa. Dogon duma siriri mai huda a kowane ƙarshe, da zane a jiki, shantu ne na mata, a cinya da tafin hannu ake buga shi, ba busawa ake yi ba. Duma mai wuya da tsakuwa a ciki, caki.

Ƙwarya ita ce mai ɓoye kanta. Ta abinci ta ciki take cinyewa. Ta kiɗa, irin ta amada da marigayiya Barmani Choge ta yi suna da ita, a kife ake buga ta, don haka bayanta ne ke yin sheƙi da tabon sanda ko na zobe. Tulu kuma mai wata huda zagayayya a gefe, wadda aka yi tun yumɓun yana ɗanye, ba fashewa ya yi ba. Inyamurai na ce masa udu, kuma duk wanda ya taɓa jin waƙar zumuntar mata a coci ya ji irin amonsa.

Mataki na shida: ɗan gida ne ko baƙo?

Bahaushe matafiyi ne, kuma ba goro kaɗai ya riƙa dawowa da shi ba. Saboda an tsinci abu a Kano ko Zinder ba ya nufin a nan aka sassaƙa shi.

Ganga mai tsukakken ƙugu ta cika Afirka ta Yamma. Yarbawa suna da dundun da gangan, kuma uwar dundun, iya ilu, ana gane ta da 'yan ƙararrawar tagulla da aka jera a bakinta. Dagombawan arewacin Gana suna da lunga, da wata ganga mai zaga da suke kira gungon, wadda in ka gan ta a hoto za ka rantse gangarmu ce. Wolof na Senegal suna da tama, 'yar ƙarama. Gudugudu na Yarbawa kuma ɗan'uwan kuntuku ne a ido, har da baƙin ɗanko a tsakiya. A irin wannan hali tarihin gida ya fi ido amfani. Gidan da kakanninsa suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, ko suka zauna a zango a Kumasi ko Sabo ta Ibadan, ba abin mamaki ba ne a tsinci baƙuwar ganga a rumbunsa.

Wasu alamun kuwa suna fitar da abu daga gida kai tsaye. Idan an ja fatar da turaku na ice da aka kafa zagaye da baki, wannan ɗaurin mutanen kurmi ne da bakin teku, kamar atumpan na Asante da sabar na Senegal. Mai fata biyu da baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi sosai, bata ce ta Yarbawa. Mai faffaɗan kai da siririyar ƙafa kamar turmin da ya rame, jembe ce ta Mali da Gini, wadda yanzu ta cika kasuwannin tsaraba. Gungumen da aka tsaga masa baki a tsawonsa aka fafe ta nan, babu fata, na Inyamurai ne ko Tibi ko mutanen kudancin Kamaru. Turmi sosai mai alamar an taɓa ɗaure masa fata a baki, ka tuna da tende na Buzaye, wanda mata ke haɗawa don biki, a gama a kwance ya koma daka. Kwano na jan ƙarfe ko tagulla da aka rufe da fata kuwa, ka waiwayi gabas: sarakunan Darfur da tamburan tagulla aka san su, nahas, kuma alhazanmu na ƙafa ta Sudan suka bi shekaru aru-aru.

Mataki na bakwai: shekarunsa

Kowa so yake a ce nasa ya shekara ɗari biyu. A yi hattara. Kango daban, fata da igiya daban. Fata ana sauya ta sau da yawa a rayuwar ganga ɗaya, saboda haka sabuwar igiya ba ta hana ice tsufa, tsohon ice kuma ba ya tsufar da igiya.

Haska cikin kangon. Aikin masassaƙi na hannu yana barin sarar gizago da ƙarfen fafa, rami-rami ba daidai ba. Layuka a jere masu zagayawa sumul aikin inji ne. Nauyi ma yana magana: ƙirya da kawo suna da nauyi da tauri, alilliba kuwa ba ta kai su ba, masassaƙa na son ta don daɗin fafa da amo. Igiyar nailan ba ta riga ƙarshen shekarun 1930 ba a duniya baki ɗaya, balle a ƙauyenmu. Gangar da aka yi da garwa ko guntun duro, ko aka ɗaure da robar taya, ita ma ta faɗi zamaninta.

Idan an yi ado da kuɗi, ka samu kalanda kyauta. Anini da kobo masu huda a tsakiya na zamanin Turawa ne, kuma da shekara a rubuce a jikinsu. Kwabban Naira ba su riga 1973 ba. Sai dai abin da kuɗin ke nunawa shi ne adon bai girmi wannan shekara ba, ba wai a shekarar aka yi gangar ba. Wuri kuwa, wato kuɗin da, ba ya tabbatar da komai, har gobe ana sayar da shi a kasuwa. Gwajin kimiyya na auna shekarun ice ma ba zai fisshe ka ba: yana da tsada, shekarun bishiyar yake faɗa ba na sassaƙar ba, kuma a kan abin da bai wuce shekara 300 ba lissafinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Mataki na takwas: kai wa masu abin

Fara da waya in kana so, amma kada ka tsaya a nan. Google Lens da ire-irensa abin da ƙugunsa ya tsuke suna iya ce masa gangar Yarbawa mai magana. Abin da ya fi amfani shi ne ka rubuta sunan da kake zato, kotso ko jauje ko taushi, ka duba hotunan kayan da manyan gidajen tarihi na Landan da Paris da New York suka sa a intanet. Su ma sukan yi kuskuren suna, domin wanda ya rubuta katin shekara ɗari da suka wuce ba lallai yana jin Hausa ba. Akwai kuma ƙamus na kayan kiɗan Hausa da wasu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka fitar a 1971, ana samunsa a ɗakunan karatu na jami'o'i. Kunne ma yana taimakawa: kiɗan Musa Ɗanƙwairo da na Narambaɗa muryar kotso ce, na Salihu Jankiɗi taushi, na Mamman Shata kalangu.

Wanda ke kusa da Kano ya leƙa Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa. Akwai gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, da na Kaduna. A Yamai akwai gidan tarihi na Boubou Hama, da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya mai tarin kayan kiɗan gargajiya.

Amma mai yanke hukunci shi ne tsohon makaɗi. Kusan kowace masarauta tana da Sarkin Kiɗa ko Sarkin Makaɗa, wasu har da Sarkin Tambura. Je da abin kansa in yana ɗaukuwa, ka riƙe goronka, kuma kada ka faɗi sunan da kake zato. In ka ce "Baba, wannan kalangu ne ko?" kunya za ta iya sa ya ce maka e. Miƙa masa kawai ka yi shiru.

Ni haka na yi. Tsohon ya karɓa, bai ko kalli ƙugun ba. Ya zura hannu ta gindi, ya shafa hudojin nan, sannan ya ɗora babban yatsa a kan baƙin tabon. Ya saƙala shi a hammata kamar jiya ya ajiye.

"Yaro, a gidan wa ka samo kotso?"

Na ce, "Baba, a gida cewa aka yi kalangu ne."

Ya yi dariya har da tari. "Wannan fatar ba ta taɓa ganin makaɗi ba, hannu ta sani. Ku mahauta ne?"

Na ce a'a.

"To je ka tambayi tsofaffin matan gidanku wane makaɗin fada ne yake sauka a zaurenku."

Gwaggona ce ta cike sauran. Ta ce tana yarinya akwai wani makaɗi da ke zuwa gaishe da hakimi duk sallah, a zaurenmu yake kwana, wata shekara ya bar kayansa ajiya bai sake dawowa ba. Ka tambayi mutum biyu ko uku, ba ɗaya ba, domin suna yana sauyawa daga Sakkwato zuwa Zazzau zuwa Damagaram. In suka saɓa, rubuta duka sunayen da garin kowane mai faɗa.

Bayan an gane shi

Idan abin ya tabbata tambari ne ko kuge ko wani kayan sarauta, kafin komai a sanar da fada. Irin waɗannan ba kayan mutum ɗaya ba ne. A Katsina gwauron tambari yana cikin kayan gadon sarauta, tare da takobin nan Gajere. Sannan akwai doka. A Nijeriya dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta ambaci ganga da sunanta cikin kayan tarihi, in an yi ta kafin 1918, ko in tana da muhimmancin tarihi kuma an yi amfani da ita a bikin gargajiya. Fitar da irinta waje ba tare da izinin hukumar ba laifi ne, haka ma sayar wa wanda ba shi da lasisi. Dillalin da ya zo yana gaggawa, yana cewa gobe zai tashi, ka bar shi ya tashi.

Wajen ajiya, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bango mai danshi da rana da ɓera. Kada a ƙulle shi a leda, gumi zai sa ya yi funfuna. A lulluɓe shi da farin ƙyalle na auduga. Don a san ko ƙwaro na cinsa har yanzu, a ɗora shi a kan baƙin ƙyalle mako guda. In aka ga sabon garin ice ya zubo, a ware shi daga sauran katako a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi, kada a yi masa feshin maganin sauro. In kana son wanda za a riƙa kaɗawa, kai wa masassaƙi awon ya yi maka sabo, tsohon a bar shi da tsagaggiyar fatarsa.

Kada a rubuta komai a jikin icen. A sami ɗan kati, a rubuta sunansa, da inda aka tsince shi, da ranar, da wanda ya faɗi sunan, a ɗaura da zare a maratayi. Namu yana kan kabad a ɗakin gwaggo, katin na lilo a gefe. A ƙasan katin ta sa na ƙara layi ɗaya: ajiya ce, in jikokin mai shi sun zo a ba su.